Gwanayen Sifirin: Masu Ɗaga Mota Don Hanyar Ƙauye

Daga Gusau zuwa Tsafe ta hanyar Funtuwa, ko zuwa Bunguɗu ta hanyar Sakkwato, kwalta ce, kowace mota na iya bi. Wahalar tana farawa ne idan aka sauka daga titi aka nufi ƙauyukan da ke kewayen Rawayya da Kwatarkwashi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, manyan motoci kan haƙa kwari biyu a laka su bar tudu a tsakiya, kuma wannan tudun ne ke riƙe cikin ƙaramar mota ya bar tayoyinta suna juyawa a banza. Da kaka kuma ga nauyin buhunan gero, dawa da waken suya. A shekarun nan na rashin tsaro, direban da motarsa ta kafe a daji da yamma ya san ba lokaci kaɗai zai yi asara ba. Shi ya sa nake girmama kanikawan da suka ƙware a aikin sifirin, waɗanda da guduma, alli da 'yan ƙarafa suke ɗaga mota a kuɗin da talaka zai iya biya.

Gwani ya san abin da yawancin masu mota ba su lura da shi ba. A mota irin Toyota Hilux, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun aksul na baya, kuma komai ɗaga bodi ko sifirin, tulun nan yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. Saboda haka a irin wannan mota duk aikin ɗagawa neman wuri ne ga babbar taya, don kada ta riƙa gogar bodi idan an faɗa rami ko an karya kwana. Lissafin ma a rubuce yake a jikin taya. Mai lamba 205/80R16 tsayinta kusan milimita 734 ne, mai 235/85R16 kuma kusan 806. Bambancin 72 ne, amma rabinsa kawai mota ke samu, wato 36, domin aksul a tsakiyar taya yake. A ido kaɗan ne, a cikin laka kuwa shi ke raba wanda ya wuce da wanda ya kwana.

Kafin ya taɓa sifana, gwani sai ya tambayi direba abin da yake ɗauka da hanyar da yake bi. Amsar ce ke zaɓar dabara. Idan mota mai ganyen sifirin ce, kamar akori-kura ko tsohuwar Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, irin motocin da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta cika Arewa da danginsu tun bayan buɗe ta a 1975, hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara ganye ɗaya a kowane gefe, a kuma dawo wa tsofaffin da lanƙwasarsu.

A nan ake ganin gwaninta. Zai sauke sifirin, ya kwance ƙusar tsakiya, ya jera ganyayen a ƙasa daga babba zuwa ƙarami. Sai ya kwantar da babban ganye a kan siminti ya zana lanƙwasarsa da alli, ya sake zana wata a samanta, wadda yake son kaiwa. Yaronsa ya riƙe ganyen a kan guntun ƙarfe mai kwarmi, shi kuma yana bugu da babbar guduma, yana matsawa kaɗan-kaɗan daga tsakiya zuwa baki, yana tsallake ramin ƙusa don nan ne ƙarfe ya fi saurin tsagewa. Bayan 'yan bugu sai ya mayar da shi kan zanen ya duba. Ba ya kai shi wuta, domin zafi na kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta. Hagu da dama kuma dole su hau zane ɗaya, in ba haka ba mota za ta riƙa tafiya a karkace.

Akwai sauran dabaru masu araha. Ana sauya maratayin sifirin na baya da mai tsawo, sai dai mota rabin abin da aka ƙara take samu, domin baki ɗaya kawai aka ɗaga. Inda sifirin ke zaune a saman aksul, ana saka dunƙulen ƙarfe a tsakaninsu da dogayen ƙusoshi sababbi, kuma a baya kaɗai, ba a aksul mai sitiyari ba. Motoci masu naɗaɗɗen sifirin, irin Golf da ke jigilar 'yan kasuwar ƙauye, ana sa musu zobe mai kauri a saman sifirin ko a nemo wanda ya fi ƙarfi cikin kayan Beljiyam. Tsohuwar Hilux mai sandar murɗi a gaba kuwa, ɗaure noti biyu daidai-wa-daida ya isa ya ɗaga hancinta kaɗan. Abin da ba a samu a Gusau ba, akan aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

Wanda ya iya aikin ba ya sallamar mota daga an ɗaure noti. Zai ɗaga ta a jak har tayoyi su rataya, ya duba ko tiyon birki ya miƙe, ko shokazoba ta ƙure, ko farfela ta karkace fiye da kima. Zai murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama yana leƙen inda taya ke taɓawa. Zai karanta lambobi huɗu na gefen taya, masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, don kada a sayo tsohuwa saboda girmanta. Sannan ya gaya wa direba gaskiya: da waccan babbar taya mai lamba 235/85R16, idan allura ta nuna 100, gudun ya kusa 110, birki zai ƙara nisa, mai zai ƙara tafiya, kuma mota mai tsayi da lodi a sama ta fi saurin kifewa a kwana.

Wannan faɗin gaskiya shi ne ya fi burge ni. Mai mota zai so a ƙara wa motarsa tsayi har ta fi ta kowa a tasha, kuma da an bi son ransa da an ƙara samun kuɗi. Gwanin kirki yakan tsaya kusa da inci biyu, inda ƙafar mota ke iya jurewa ba tare da an sauya manyan kaya ba, ya ce iyakarsa ke nan. Ya san waɗanda za su hau motar nan manoma ne da mata da yara, har da majinyatan da ake garzayawa da su asibiti a Gusau. Duk mai shirin ɗaga motarsa kafin damina, ya nemi irin wannan bakanike, kuma idan ya ce a tsaya nan, a tsaya.