Lissafin Tururin da Ya Ja Gyaɗa Daga Ƙauran Namoda

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda, nan kuma ya tsaya. Gyaɗa da auduga na ƙasar Zurmi da Shinkafi suka riƙa taruwa a tasha, jirgi mai cin kwal yana kwashe su zuwa kudu. Tururi ne ke jan taragan nan: ruwa ya tafasa a tukunyar jirgi, tururin ya shiga silinda yana neman wurin sakewa, ya tura fistan, fistan ya juya ƙafafu. Akwai mutanen da za su zauna da fensir su gaya maka yawan aikin da turi ɗaya ya yi, tun kafin a hura wuta. Wannan gwaninta tana burge ni ƙwarai.

Ga yadda suke yi. Ƙarfin da tururi ke tura fistan da shi, shi ne matsinsa sau faɗin fuskar fistan. Aiki kuwa ƙarfi ne sau nisan da aka tura abu. To, faɗin fuska sau nisan tafiya ai shi ne ƙarin wurin da tururin ya cike. Ke nan muddin matsin bai sauya ba, aiki shi ne matsi sau ƙarin wuri, abin da ake rubutawa W = PΔV.

A ɗauka matsin faskal 1,000,000 ne, wato kusan ninki 10 na matsin iskar da muke shaƙa. Fuskar fistan murabba'in mita 0.1, ya yi tafiyar rabin mita. Ƙarin wuri ya zama kubik mita 0.05, aiki kuma jul 50,000. Kwatankwacin a ɗaga buhu 50 masu kilo 100 kowanne sama da mita ɗaya ke nan, a turi guda.

Ninka lamba biyu ba wuya. Inda ake gane gwani shi ne sanin lokacin da ya halatta a ninka su. A silindar jirgi matsi yana nan kusan daram ne kawai sa'ad da bawul ke buɗe, tukunya na ci gaba da aiko tururi. Da an rufe bawul, tururin da ke ciki zai ci gaba da buɗewa, amma matsinsa na sauka, kuma wanda ya yi amfani da lissafin farko a nan zai ba injin ƙarfin da ba shi da shi. Gwani sai ya zana matsi a tsaye, wuri a kwance, ya auna filin da ke ƙarƙashin layin. A kamfanin James Watt a Ingila aka fara irin wannan zane, a ƙarshen ƙarni na 18, da wata 'yar na'ura da ke zana shi da kanta yayin da injin ke aiki. Haka ma a injin babur ko na ban ruwa a fadamun kogin Gagare, matsi hawa da sauka yake yi, sai an bi ta zanen.

Sai tarkon ma'auni: lita 1,000 ce kubik mita ɗaya, kuma duk wanda ya manta ya mayar, amsarsa za ta kumbura sau dubu.

Misalin da na fi so ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, su riƙe shi ne na ruwa mai tafasa a buɗe, domin a nan matsi tsayayye ne da gaske. Kilo ɗaya na ruwa, lita ɗaya tak, yana zama tururi mai cike kusan kubik mita 1.67. Yana ture iskar da ke kewaye da shi a matsin faskal 101,000, ya yi aikin jul 169,000 ko kusa da haka. Amma zafin da ya sha kafin ya ƙone ƙaf ya kai jul 2,257,000. Abin da ya tafi wajen turi bai kai kashi 8 cikin 100 ba. Sauran duk ya ƙare wajen raba ƙwayoyin ruwan da juna.