Kakar Lambobin Yabo: Finafinan da Ake Karramawa da Waɗanda Muke Kallo

Harkar fim ma tana da kakarta kamar noma. A watan Disamba ake bikin finafinai na Zuma a nan Abuja, wajen Maris a raba lambobin Oscar a Amurka, a Mayu kuma hankali ya koma Legas wajen bikin AMVCA. Duk mai son fim yana jin daɗin wannan lokaci, ni ma haka. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: abin da ake ɗagawa a waɗannan bukukuwa daban, abin da muke kallo a falukanmu da shagunan caji na unguwar nan daban.

Mu fara da abin alfahari. Sau biyu harshen Hausa yana ɗaukar tutar Najeriya zuwa gasar Oscar. A 2019 an tura Lionheart na Genevieve Nnaji, aka cire shi saboda Turanci ya yi masa yawa, alhali rukunin na finafinan da ba na Turanci ba ne. Da shekara ta zagayo sai aka tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, labarin 'yan mata biyu 'yan uwan juna da 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa musu rayuwa, kuma yawancin maganar cikinsa da Hausa ce. A wannan fim Maryam Booth ta ci lambar AMAA ta 2020, kuma wallahi ta cancanta. Ta yi wasan da ido da shiru fiye da baki, abin da ba kasafai daraktocin Kano ke barin jaruma ta yi ba. A 2024 kuma aka tura Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, fim ɗin rikicin gadon sarauta da aka ɗauka a Daura. Duka biyun ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma zaɓen da aka yi musu a gida ma ba ƙaramin abu ba ne.

To, amma ku tambayi maƙwabta: mutum nawa suka kalli ɗaya daga cikinsu? A Karmo ko Dei-Dei ko Zuba, in ka ce Mai Martaba, wani zai zaci zancen sarki kake yi. In kuwa ka ce Baba Ɗan Audu, har yaro ya san wanda kake nufi.

Nan ne maganata take. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, ƙarfin Kannywood ya koma finafinai masu dogon zango a Arewa24 da YouTube, kuma a can ne mafi kyawun wasan da ake yi da Hausa yake yanzu. Ku dubi Rabi'u Rikadawa a Labarina na Aminu Saira. Baba Ɗan Audu mutumin banza ne, maci amana, mai kwaɗayi, amma Rikadawa bai taɓa mai da shi dodo ba. Yana yin ƙaryar da fara'a, yana rantsuwa yana lissafin abin da zai samu, har ka tsinci kanka kana dariya kana jin haushin kanka. Kowa a cikinmu ya san irin wannan dattijo, wataƙila ma a danginsa. Haka Sani Mu'azu a Kwana Casa'in: Bawa Maikaɗa ba ya ɗaga murya, amma mu da muke zaune kusa da masu mulki mun gane wannan murmushi sarai. Shi kuwa Daɗin Kowa, garin da ya tara Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba, Musulmi da Kirista, kowa da matsalar haya da ta aure, ai kusan hoton zamanmu ne a Abuja.

Ba wai ba su da aibi ba. Babbar cutarsu jan labari. Abin da zai ƙare a mako biyu sai a ja shi wata uku, a cika shi da zaman falo da maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani, don dai talla ta samu wurin shiga. Labarina ma bai tsira ba. Bayan Nafisa Abdullahi ta bar matsayin Sumayya labarin ya yi ta lilo kafin a sake sabon zubi da Sadiq Sani Sadiq. Sauti kuma har yanzu sai addu'a a yawancin na YouTube.

Irin wannan gyara shi ne aikin gasa ta gaskiya, domin mai neman lamba dole ya tsaftace aikinsa. A da AMVCA tana da rukuni na Hausa zalla. Daɗin Kowa ya ci a 2016, Mansoor na Ali Nuhu a 2018, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda a 2023. Daga 2024 aka haɗe harsunan Afirka ta Yamma a rukuni guda, Jagun Jagun na Femi Adebayo ya ɗauka. Fim ne mai kyau, ban ce a'a ba, amma an zuba masa kuɗi kuma Netflix ta ɗauke shi. Ka haɗa shi kokawa da fim ɗin da aka yi da abin da aka tara daga tallar YouTube, an san wanda zai sha ƙasa tun kafin a shiga fili. Ƙofa ɗaya da aka san ta Hausa ce ta rufe, kuma ban ji an yi wani kuka sosai ba.

Bukukuwan da ake yi wa Kannywood a gida kuwa, da yawansu sun fi kama da liyafar karrama abokai. A ba jarumi lamba, a ba mai gidan da ya ɗauki nauyi lamba, kowa ya tafi da tasa. Marubucin labari da mai tace hoto sai dai su tafa.

Mu mazauna Abuja muna da abin da na Kano da Kaduna ba su da shi, wato bikin Zuma a ƙofar gida. Hukumar Finafinai ta Najeriya ce ke shirya shi, kuma tun Janairun 2024 Ali Nuhu ne shugabanta. Wanda ya san ciwon masana'antar daga ciki ke nan. Roƙona gare shi guda ne: a ware wa masu dogon zango na harsunan gida wuri na sosai, da alƙalan da suke jin Hausa ba sai sun karanta fassara a ƙasan allo ba, domin rabin gwanintar Rikadawa a cikin karin magana da habaici take, fassara ba ta ɗauko su. Mu kuma in Disamba ta zo mu daure mu shiga mota mu je, ko da mutum biyar ne daga unguwar nan. Masu shirya biki suna ƙirga kujeru, kuma ranar da aka nuna fim ɗin Hausa a ɗakin da ba kowa, suna rubutawa.