Keke, Dutse da Burtali: Darasin Indiya da 'Yan Fim Ɗinmu Suka Tsallake

Mai karatu, in ka ce za ka lissafa abubuwan da finafinanmu na Hausa suka aro daga Indiya, sai ka gaji ba ka gama ba. Akwai rawa da waƙa, akwai samari biyu a kan yarinya ɗaya, akwai attajirin uba mai kafiya, ga canjin kaya sau biyar a waƙa guda. Amma akwai abu ɗaya da Indiyawan suka ƙware a kai wanda har yau ba mu waiwaye shi ba, shi ne yadda ake sa ƙasa, wato dutse da kwari da hanya, ta shiga cikin labari ta yi aiki kamar ɗan wasa. Fim ɗin da ya fi nuna mana wannan, a ganina, shi ne Jo Jeeta Wohi Sikandar na darakta Mansoor Khan, wanda ya fito a 1992.

Ga wanda bai gan shi ba, an gina labarin ne a Dehradun, gari mai makarantu da yawa a gindin duwatsun Himalaya, kodayake a tsaunukan kudancin Indiya aka ɗauki mafi yawansa. Duk shekara ɗalibai na yin tseren keke. Ratan, ɗan talaka daga makarantar Model, ya fafata da Shekhar Malhotra, ɗan masu kuɗi na makarantar Rajput, aka kayar da shi da ɗan taƙi kaɗan saboda keken Shekhar ya fi nasa. Ubansu, mai ɗan shagon shayi kuma malamin wasanni, ya shiga tara kuɗi don ya sai wa Ratan keke na kirki. Sai ƙaninsa Sanju, wanda Aamir Khan ya fito a matsayinsa, shashasha mai ƙaryar arziki, ya ɓarnatar da kuɗin wajen burge budurwa. Daga baya rigima da su Shekhar ta yi sanadin faɗawar Ratan cikin kwazazzabo, ya kwanta asibiti, nauyin tseren ya dawo kan shashashan.

To, duba aikin da ƙasa ta yi a nan. Hawan dutsen da Ratan ke yi yana atisaye shi ya gaya mana irin halinsa, ba sai wani ya zauna a falo ya ce “yaron nan yana da himma” ba. Gangaren da ya sa wurin ya yi kyau a waƙa, shi ne dai ya kusa kashe shi. Shiryuwar Sanju kuwa ba ta bakin malami ko kukan uwa muka ji ta ba, a cinyoyinsa muka gan ta, yana haki yana taka feda a hawan da da ba zai iya ba. Keken ma ba ado ba ne: shi ne ma'aunin tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi. Cire duwatsun nan ka mai da labarin cikin gari, fim ɗin ya mutu. Ba na ce ba shi da aibi ba. Ya yi tsawo, 'yan makarantar masu kuɗin duk an mai da su mugaye kamar ba mutumin kirki a cikinsu, kuma tun daga rabi ka san wanda zai ci. Duk da haka ya ci kyautar Filmfare ta fim mafi kyau, kuma ya cancanta.

Wani abin lura ga masu wankiya: masu sharhi da dama sun ce fim ɗin ya ɗauki hannu daga Breaking Away, wani fim ɗin Amurka na 1979 wanda shi ma rikicin 'ya'yan talakawa ne da ɗaliban jami'a a kan tseren keke. Ko da hakan ne, ai ba ka ganin Amurka a cikinsa. An dasa shi a ƙasar Indiya ya kama. Mu kuwa in za mu ara, sai mu kwashi ganye mu bar saiwa.

Yanzu dawo gida. Tun daga Turmin Danya a 1990, zuwa Sangaya a 1999 wanda ya buɗe kasuwar waƙa sosai, yaushe ne ɗan kallo ke ganin dutse ko ruwa a fim ɗin Hausa? Sai an zo waƙa. A kwashi jarumi da jaruma a kai su madatsar ruwa ta Tiga ko duwatsun Jos, ya hau fa yana nuna ta da yatsa, ta kewaya bishiya tana rausaya. Waƙa na ƙarewa, shi ke nan, an koma falo an zauna kan kushin sai surutu. Ba wanda zai gaya maka me ya kai su dutsen, ko ta wace hanya suka je. Yanzu da aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube an samu kyamarar nan mai tashi sama, amma me ake yi da ita? A hasko rufin gidaje da shataletale na daƙiƙa biyar don a nuna gari ya waye, sannan a sake komawa falon.

Keke kuwa ya fi dutse shan wulaƙanci. In ka ga keke a fim ɗinmu, to shirya dariya. Ko dai baƙauye ne zai faɗa kwata da shi, ko saurayin da za a kora ne ya jingine shi kusa da motar abokin takararsa. A camama abin faɗuwa ne, a fim ɗin soyayya kuma shaidar tsiya. Alhali wannan dokin ƙarfen shi ya kai yara makaranta, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai amfanin gona kasuwa shekara da shekaru, har kamfanin Raleigh ya taɓa kafa masana'antarsa a Kano saboda yawan masu saye. Mutanen da muke yi wa dariyar nan su ne fa suka riƙa sayen kaset ɗinmu.

In kana son ganin abin da muke asara, bi hanyar Zariya zuwa Kano, ka ratse a Tashar Yari ka shiga ƙasar Maƙarfi, ko ka bi ta Hunƙuyi ka shiga Kudan, ko ka miƙa Ikara da ƙauyuka irin su Malikanci. Da ka sauka daga kwalta za ka tarar da burtali da 'yan hanyoyin da ƙafa da taya suka share, suna ratsa gonaki, su gangara fadama, su haura tudun marmara, su kewaye gindin fa. Ga kuka da ɗorawa da giginya. Da damina ko'ina kore shar, hanya ta yi taɓo, rafi ya cika sai mutum ya saɓa kekensa a kafaɗa ya haye. Da kaka kuma haske ya yi ja-ja-ja a kan karan dawa, irin hasken da masu ɗaukar hoto ke nema da kuɗi. Ƙasar rake ce, ƙasar tumatur da barkono. Dubi mutumin da ya ɗaure damin rake a kariya, nauyin ya kusa ɗaga tayar gaba, ga gangara ga yashi, birkinsa rabi roba rabi tafin ƙafa, kuma dole ya isa kasuwa kafin motocin 'yan sari su cika. Wallahi wannan sin guda ya fi faɗan falo goma tayar da hankali. Ga wurin matsar rake inda ake dafa mazarƙwaila, hayaƙi na tashi. Ga mai faci a gindin bishiya, wanda duk labarin garin a bakinsa yake. Ga kuma duwatsun Kufena a Zariya, masu tarihi tun zamanin da. Me ya rage a lokeshin?

Irin wannan hanyar ce fa Turawa suka mayar wasa. A 1976 wasu samari a gundumar Marin ta Kalifoniya, irin su Charlie Kelly da Joe Breeze da Gary Fisher, suka fara tseren gangarowa kan hanyar ƙasa a yankin dutsen Tamalpais da tsofaffin kekuna masu nauyi. Suka sa wa tseren suna Repack, domin zafin birki kan ƙone giris ɗin cibiyar taya sai an sake cusa wani. Daga nan aka samu keken hawan dutse mai faffaɗar taya da giya da yawa, ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, aka kuma yi fim ɗin tarihinsa mai suna Klunkerz a 2006. A nan Afirka, fim ɗin Rising from Ashes na 2012 ya bi 'yan tseren keken Ruwanda, cikinsu har da Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa a kisan ƙare-dangin 1994, ya kuma wakilci ƙasarsa a tseren keken dutse a Landan a 2012. Abin da su suka fita nema don nishaɗi, manominmu yana yinsa kullum don tuwo, amma ba wanda ya ga ya isa a haska masa kyamara.

Na san abin da furodusa zai ce. Fita ƙauye tsada, ba wuta, ba masauki, jarumai ba sa son rana, ga fargabar tsaro a wasu hanyoyin, kuma wai 'yan kallo gidan bene suke son gani. Wasu daga cikin uzurorin nan gaskiya ne, ba a raina su. Amma wanda ya iya kwasar mutum ashirin zuwa Jos don waƙar minti shida, bai isa ya ce Maƙarfi ta yi masa nisa ba. Hasken rana kyauta ne, hayar keke ba ta kai ta jif ba. Batun 'yan kallo kuwa, su waye suka cika gidajen kallo suna ihu lokacin da Sanju ya sauya giya a zagayen ƙarshe? Ai mu ne. Matsalar ba ta aljihu ba ce kaɗai, ta rubutu ce. Marubucin da bai san yadda hawa ke karya gwiwa ba, ba zai rubuta shi ba.

Marubutan littattafanmu ma ba su tsira ba. Jarumi a littafi zai tashi daga Kaduna ya isa ƙauyensu cikin layi ɗaya, amma kayan ɗakin amarya sai su ci shafi uku.

Ba cewa nake a je a wanke Jo Jeeta Wohi Sikandar a sa wa Sanju hula zanna ba, wannan shi ne ciwon da muke kuka da shi. Cewa nake a ari idon, a kalli ƙasarmu da shi. Babur ya riga ya ture keke a yawancin hanyoyin nan, burtali na ta ƙanƙancewa, masu facin da suka san zamanin Raleigh suna ta tafiya. Fim ɗin da bai adana wannan ba yau, gobe ko da kuɗi ba zai same shi ba. Saura ya rage ga daraktocinmu.