Jinjina ga Matuƙan Kwalekwalen Yawuri

Na tsaya a Yelwan Yawuri da niyyar in sha ruwa in wuce Kwantagora, sai ga ni na wuni a bakin kogin Kwara. Matuƙan kwalekwale ne suka riƙe ni.

Wanda ya ɗauke ni a kwalekwalensa dattijo ne, Basarke. "Zauna tsakiya, ɗana, kada ka jingina," in ji shi, ya kafa gora ya tura mu. Ruwan da nake gani shimfiɗe kamar tabarma, shi karanta shi yake yi: nan dutse ne a ƙasa, can dorina ke kwance, sai a kewaye ta nesa, baki alaikum. Ya nuna mini wajen da tsibiran Gungawa suke kafin madatsar Kainji ta 1968 ta sa ruwa ya haɗiye su. Bai ce komai ba, filafili kawai ya miƙa.

Matuƙan nan su ne gadar ƙauyukan ƙetare. Buhunan albasa, awaki, amarya da kayan ɗakinta, mai naƙuda da tsakar dare, duk a hannunsu suke. Sannunku da aiki!

Da la'asar na sayi bandar kifi, na biya kuɗin jirgi, har na ji kunyar ƙanƙantarsa.