"Karantawa" Ko "Rerawa"?

A wani taron ɗalibai da muka halarta a Bomo, mai gabatarwa ya ce wani yaro zai "karanta" mana waƙarsa. Yaron kuwa ya cika umurni. Ya kafa wa takarda ido, ya bi baitocin ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta labaru a rediyo. Waƙar tana da ma'ana, amsa-amonta ma bai karye ba, amma babu wanda ta ratsa. Mu dai a ganinmu kalmar da aka ba shi ce ta cuce shi.

Bahaushe rera waƙa yake yi (wasu kan rubuta "raira", duk ɗaya ne). Kowane aikin murya da kalmarsa: Alƙur'ani tilawarsa ake yi, kirari zuba shi ake yi, guɗa kuma a rangaɗa ta. Rerawa kuwa ita ce ɗora magana a kan karin murya, a ja inda ya kamata a ja, a sauke inda ya kamata a sauke. Shi ya sa har kuka ake cewa an rera.

Ba mu ce kalmar ta mutum ɗaya ce kurum ba. Shata ma rerawa yake yi, ga kalangu ga 'yan amshi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa, amma yana da kuntiginsa. Marubucin waƙa ne ba shi da kowa. Muryarsa ce gangarsa, ita ce kuma 'yan amshinsa, don haka a wurinsa nauyin duka ya koma kan rerawa.

Mu da muke Zariya ba sai mun je nesa neman misali ba. Malam Aliyu Namangi, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, bai taɓa duban takarda ya karanta wa jama'a Imfiraji ba. Da baki ya tsara ta, da baki makafi masu bara suka yaɗa ta kasuwa-kasuwa, kuma da yawanmu mun haddace baitocinta tun ba mu ga littafin ba. Haka wanda ya ji muryar Alhaji Aƙilu Aliyu a rediyo ya san Fasaha Aƙiliya ta 1977 rabin aikin kawai ta ɗauko.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu tasowa. Ido yana yafe wa baiti gurgunta, kunne ba ya yafewa. Wanda ya saba "karantawa" zai yi shekaru yana jera layuka masu amsa-amo bai san karinsa a karye yake ba. Muna roƙon masu gabatarwa a tarukan ƙungiya su riƙa cewa "zai rera mana".

Bayan an tashi mun kira yaron nan, muka ce ya rera. A baiti na uku ya yi tuntuɓe, ya sake, ya kuma yin tuntuɓe. Da ya ƙirga sai ya tarar gaɓa ɗaya ta yi yawa, ya karɓi bironmu ya soke ta.