Malam Maman Barka da biram: gadon da ke jiran magaji

Ran 21 ga watan Nuwamba na 2018 Allah ya yi wa Malam Maman Barka rasuwa a Yamai. Jaridun Turai sun daɗe suna kiransa gwanin biram na ƙarshe, kuma masu sha'awarsa a Nijar sun karɓi wannan laƙabi tamkar kambun yabo. Ya kamata a sake duba shi da idon basira, domin kalmar "na ƙarshe" tuhuma ce ga duk wanda aka ɗora wa alhakin kula da al'adu.

An haifi Barka a Tesker, cikin jihar Damagaram, a gidan makiyaya Tubawa. Da aikin koyarwa ya fara, abin da ya sa sunan "Malam" ya bi shi har kabari. Da gurmi ya yi suna, yana waƙa da Hausa da sauran harsunan ƙasa, kaset-kaset ɗinsa suka bazu a Nijar da arewacin Najeriya. Waƙoƙinsa na wancan zamani suna ɗauke da halin mai alli: zance a fili, nasiha ba zagi, da ba'a mai sa mutum dariya kafin ya gane da shi ake.

A 2002 ya yi abin da ba kowane shahararren mawaƙi zai yarda ya yi ba: ya koma ɗalibi. Da tallafin hukumar UNESCO ya tafi bakin tabkin Cadi wurin dattijo Bukar Tar, ya zauna koyon biram, abin kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar da gangar jiki mai siffar kwalekwale. Daga baya ya kai biram bikin WOMAD na Ingila a 2008, kuma a 2009 faifansa mai suna Introducing Mamane Barka ya fito, tare da makaɗi Umaru Adamu.

Ƙarfin wannan faifai yana cikin kamun kai. Barka bai lulluɓe biram da jita ko kayan kiɗan lantarki ba. Ya bar tsirkiyoyin suna maimaita gajeren zubi, murya tana hawa kansu, kiɗan Umaru yana riƙe da ƙugun waƙa. Rauninsa kuwa shi ne kunnen Bature aka nufa da shi. Mai saurare a Landan ya san sunan Bukar Tar, amma ɗalibin sakandare a Gangara ko Gazawa zai iya gama karatu bai taɓa jin amon biram ba.

Akwai darasi a ƙasar Suwidin. Can ma wani abin kiɗa mai suna nyckelharpa, wanda ake gogawa kamar goge amma ana danna maɓallai don sauya sauti, ya kusa ɓacewa a farkon ƙarni na 20, ya rage a hannun tsirarun makaɗa na lardin Uppland. Eric Sahlström, wanda ya rayu daga 1912 zuwa 1986, ya tsaya masa. Ya ƙaga sababbin kiɗe-kiɗe, ya gyara ƙirar abin, ya kuma koyar da kiɗansa. Aka buɗe darussan sassaƙa shi ga jama'a, daga baya aka kafa cibiya da sunan Sahlström a garin Tobo. A 2023 UNESCO ta sanya wannan aiki cikin jerin kyawawan hanyoyin kare gadon al'adu. Bambancin mutanen biyu bai shafi baiwa ba. Sahlström ya samu masassaƙa da makarantu da ƙungiyoyi da suka karɓi kayan daga kansa, Barka kuwa ya fi samun masu tafi.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Faifai yana adana sauti, amma ba ya nuna itacen da ake sara, ko yadda ake ɗaura tsirkiya, ko ladabin da almajiri ke yi wa ubangidansa. Waɗannan sai hannu da hannu. Abin da ya samu biram yana iya samun gurmi da kukuma da molo a ƙauyukan Agye da Gidan Runji, inda sau da yawa ƴaƴan makaɗa ke ƙyamar sana'ar iyayensu.

Saboda haka girmama Barka ba ya ƙarewa a jawabin tunawa. Malamin Hausa zai iya gayyato makaɗin garinsu cikin aji, ɗalibai su rubuta waƙoƙinsa da tarihinsa. Ƙungiyar al'adu za ta iya ɗaukar nauyin yaro biyu su zauna da dattijo har su iya sassaƙa da kiɗa. Malam ya nuna hanya da kansa ranar da ya ajiye shahararsa ya durƙusa gaban Bukar Tar.