Keke a Mashigin Tsauni: Nazari a kan Al'adar Hawan Alps

A kowace shekara, wajen watan Yuni, idan motocin share dusar ƙanƙara suka buɗe manyan hanyoyin tsaunukan Alps, dubban mutane sukan hau kekuna su nufi mashigan da ke haɗa wani kwari da wani a Faransa da Italiya da Suwizalan. Mashigin Galibier na Faransa yana kan tsayin mita 2,642 daga doron teku, na Stelvio a Italiya mita 2,757, na Iseran kuma ya ɗan ɗara su duka. Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato wanda ya kai Galibier a kan keke ya haura ƙololuwar Najeriya da fiye da mita 200. Babu wata buƙata da ke kai su can, domin mafi yawansu da sun iso saman sai su sha ruwa, su sa rigar sanyi, su gangaro. Al'adar ta haura shekara 100, kuma tun farkonta da wahala ake yabonta: a nuna fuskar da ta yamutse, da bakin da ya bushe, a ce ga jarumi. A ganina wannan yabo ya kauce wa abin da ya ba al'adar daraja. Mashigin tsauni ma'auni ne da yake auna kowane mahayi shi kaɗai, a kan hanya guda da zakara da gama-gari suke bi, kuma wahalar da ake sha kuɗin shiga ce kawai.

Dalilin farko yana cikin yadda keke yake tafiya. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gabar mahayi iska ce. Mai tseren da ke gudun kilomita 40 a awa yana ƙarar da mafi yawan ƙarfinsa wajen keta ta, kuma wanda ya laɓe a bayan wani yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan aiki. Na tsakiyar ayari ma ya fi haka hutawa. Shi ya sa a tseren fili mai rauni zai iya wuni a cikin jama'a ya iso tare da gwanaye, ba a san ƙarfinsa ba. Da hanya ta miƙe sama sai lissafin ya juye. Hawan Alpe d'Huez kilomita 13.8 ne, yana tashi da kusan mita 8 a cikin kowace mita 100, kuma a nan gudun gwanaye kansu yakan sauka zuwa wajen kilomita 20 a awa, na sauran mutane rabin haka ko ƙasa. A irin wannan tafiya laɓewa a bayan wani ba ta da amfani mai yawa. Mai nauyin kilo 70 da keken kilo 8 dole ya ɗaga kilo 78 sama da mita 1,000 da ƙafafunsa, babu mai ɗaukar masa ko kilo guda. Masu horarwa suna auna mahayin tsauni da ƙarfin da yake iya riƙewa na tsawon lokaci idan an raba shi da nauyin jikinsa, wanda ya sa gwanayen hawa galibi ƙanana ne, sirara. Ga kuma tsayin kansa: a mita 2,700 iskar da huhu yake samu a kowace shaƙa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, zafin gari kuma yakan sauka da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau.

Amma da ƙarfin jiki kaɗai tsauni yake aunawa, da na'urar ɗakin gwaji ta wadatar. Abin da dogon mashigi ya fi gwadawa shi ne ko mutum ya san iyakar kansa. A duba Galibier ta ɓangaren arewa. Daga garin Saint-Michel-de-Maurienne tafiyar kusan kilomita 35 ce: a fara hawan Télégraphe na wajen kilomita 12 a cikin dajin itatuwa, a ɗan gangara zuwa Valloire, sannan a kama wasu kilomita 18. Mafi tsananin wurin yana ƙarshe, bayan Plan Lachat, inda hanya ta haura mita 2,000, itatuwa suka ƙare, iska ta yi ƙaranci. Duk wanda ya ji daɗin ƙafafunsa a Télégraphe ya yi wa feda kwasar garaje, a can sama zai biya, kuma tsauni ba ya yafe bashi. Dole mahayi ya ci abinci tun bai ji yunwa ba, ya sha ruwa tun ƙishi bai kama shi ba, ya zaɓi giya mai sauƙi a lokacin da zuciyarsa take raya masa zai iya jan mai nauyi, ya bar wanda ya wuce shi ya tafi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma a nan maganar lissafi ce tsagwaronsa. Hatta alamomin hanya suna koyar da haka. Kwanoni 48 na Stelvio ta ɓangaren Prato da 21 na Alpe d'Huez duk an sa musu lamba, ana ƙirgawa daga babba a ƙasa zuwa ɗaya a sama, mahayi yana yanka babban aiki gunduwa-gunduwa har ya cinye shi.

Masu suka suna da hujja ta tarihi, kuma ba ƙarama ba ce. Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro gasar Tour de France a 1903 domin ta ƙara ciniki, kuma shugabanta Henri Desgrange ya san azaba tana sayar da jarida. A 1910 aka tura 'yan tsere manyan tsaunukan Pyrenees a kan hanyoyin tsakuwa, har Octave Lapize, wanda ya ci gasar shekarar, ya kira masu shirya ta masu kisan kai. A 1911 aka shigo da Galibier, Émile Georget ne ya fara kaiwa samansa. A lokacin mai son sauya giya sai ya sauka ya kwance tayar baya ya juya ta, domin Desgrange ya ƙi yarda da na'urar sauya giya, kuma sai a 1937 gasar ta halatta ta ga kowa. Mai suka zai ce, ashe wahala ce hajar tun asali. Na yarda ita aka tallata. Sai dai al'adar tana da wani tushe da ba a cika ambata ba. Tun kafin gasar ta sassauta, masu yawon keke irin su Paul de Vivie na Saint-Étienne suna hawan mashigai da kekuna masu giya da yawa, ba don kyauta ba, suna kuma jayayya da Desgrange a kan haka. Abin da ya biyo bayan 1937 shi ya raba gardama. Da wahala ce ginshiƙin, da zuwan giya da kwalta ya rage wa hawa ƙima, amma hawan da aka fi tunawa da su bayan nan suka zo. Fausto Coppi ya ci Alpe d'Huez a 1952, shekarar da aka fara hawansa a gasar, a 1953 kuma a kan Stelvio ya karɓe jagorancin gasar Giro ta Italiya daga hannun Hugo Koblet. Tun 1965 mashigi mafi tsayi na kowace Giro da sunan Coppi ake kiran sa. Mu a nan muna da dalilin tunawa da shi, domin zazzaɓin cizon sauro da ya kamu da shi a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso shi ya yi ajalinsa a watan Janairun 1960.

Suka mafi nauyi ita ce ta ƙwayoyi. Idan tsauni ma'auni ne, me za a ce game da shekarun da aka yi ta yi masa algus? Tom Simpson na Ingila ya mutu a kan Mont Ventoux a watan Yulin 1967 da ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa. A shekarun 1990 sinadarin EPO, mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, ya mamaye wasan, kuma a dogon hawa ya fi tasiri, domin a can ne yawan iskar da jini yake kai wa tsoka yake yanke hukunci. Harin da Marco Pantani ya kai a Galibier cikin ruwan sama a Tour de France ta 1998, ranar da abokin hamayyarsa Jan Ullrich ya yi asarar kusan minti 9, ya zo ne a shekarar da badaƙalar ƙungiyar Festina ta tona asirin wasan. Shekara guda bayan nan aka kori Pantani daga Giro saboda kaurin jininsa ya wuce ƙa'ida. A 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong kambunsa bakwai na Tour de France. Ba na neman wanke kowa, kuma lokutan da aka kafa a wancan zamani ba abin dogaro ba ne. Amma a lura da inda zargi ya samu abin kamawa. Tsawon hawa da tsayinsa ba sa sauyawa, nauyin mahayi sananne ne, saboda haka duk mai agogo da ilimin lissafi zai iya ƙiyasta ƙarfin da mutum ya fitar, ya tambaya ko jikin ɗan Adam zai iya haka. Irin wannan ƙiyasi ba ya yiwuwa a tsakiyar ayari a fili. Idan ɗan kasuwa ya tauye mudu, gyaran shi ne a kama shi a daidaita mudun, kuma hakan aka nufa da gwajin EPO, da kuma kundin bibiyar jinin 'yan wasa da hukumar kekuna ta duniya ta fara a 2008. Yaƙin bai ƙare ba, amma maguɗin da kansa shaida ne cewa akwai abin gaskiya da ake aunawa.

Dalili na biyu da ya sa nake ganin ƙimar al'adar shi ne hanyar ta kowa ce. Mai sha'awar ƙwallon ƙafa ba zai taɓa taka filin da aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya ya gwada kansa ba, amma washegarin ranar da gasa ta wuce Alpe d'Huez kowa zai iya hawa kwanonin nan 21 kyauta, ya duba agogonsa, ya ga cewa abin da gwanaye suka yi cikin minti 40 shi ya ɗauke shi awa ɗaya da rabi. Daga nan yake sanin girman gwaninta da jikinsa, ba da labari ba. A kan wannan aka gina taruka irin su La Marmotte, da ake yi tun 1982, mai kilomita 174 da hawan da ya kai kusan mita 5,000, da ƙungiyar masu mashigi ɗari da aka kafa a Faransa a 1972, da ranar da ake rufe Stelvio ga motoci sau ɗaya a shekara a bar wa kekuna. Za a ce wasan masu hali ne, tunda keken tsere yana cin dubban yuro. Akwai gaskiya a ciki, sai dai tsada tana wajen isowa gindin tsauni: kuɗin jirgi, biza, masauki, lokacin hutu. A kan hawan kansa, keke mai tsada yana rage kilo 2 ne daga cikin 80, abin da ba ya mai da rago gwani. Coppi yaron aiken mahauci ne kafin ya yi suna. Luis Herrera na Kolombiya ya ci Alpe d'Huez a 1984 tun bai zama ƙwararre mai albashi ba, Nairo Quintana kuma da keke yake zuwa makaranta a tsaunukan Boyacá. A 2015 Daniel Teklehaimanot na Eritiriya ya zama ɗan Afirka na farko da ya sa rigar gwanin hawa mai ɗigo-ɗigon ja a Tour de France. Keke mai batir kuwa alheri ne ga tsoho da mai rauni da suke son ganin saman tsauni, muddin ba a jera lokacinsa da na mai feda zalla ba.

Inda yabon wahala yake zama haɗari shi ne wajen rai. Har yau ana ɗaukaka ranar da aka tsallaka mashigin Gavia cikin dusar ƙanƙara a Giro ta 1988, alhali 'yan tsere da yawa sun gangaro hannuwansu sun sandare ba sa iya damƙar birki. Wannan rana ta auna wanda ƙungiyarsa ta tanadar masa kayan sanyi fiye da yadda ta auna hawa. Gangara ce take kisa: a watan Yunin 2023 Gino Mäder, ɗan shekara 26, ya rasu bayan ya faɗi a gangaren Albula a gasar Suwizalan. 'Yan kallo ma sukan wuce gona da iri, kamar yadda cunkosonsu a Alpe d'Huez ya kayar da Vincenzo Nibali a 2018 ya karya masa ƙashin baya. Wanda ya ɗauki azaba a matsayin manufa ba shi da hujjar hana irin waɗannan, domin a wurinsa ƙarin azaba ƙarin ado ne. Wanda ya ɗauki tsauni a matsayin ma'auni kuwa dole ya nemi a kare mahayi daga duk abin da ba hawan ba ne. Saboda haka a Tour de France ta 2019, da ƙanƙara da zaftarewar ƙasa suka toshe hanya bayan Iseran, masu gasa suka tsayar da tseren suka ɗauki lokacin kowa a saman mashigin, inda Egan Bernal ya karɓi rigar jagora, hukuncinsu daidai ne. An riga an auna abin da aka zo aunawa, kuma ya kamata masu shirya gasa su riƙe wannan a matsayin ƙa'ida duk lokacin da yanayi ya ɓaci a kan tsauni.